Sex Pistols: kundi ɗaya, wata 26, sai aka watse. Ina matsalar take?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wasu samari huɗu a nan Agege da suka haɗa ƙungiyar kiɗa: mai jita, mai bes, mai ganguna da mai waƙa. Sun ce salon punk za su bi, wato kiɗan rock mai zafi da tsageranci, su riƙa rerawa da Hausa da Turancin Buroka. Hirarsu kullum ba ta wuce Sex Pistols, wata ƙungiyar punk ta Birtaniya. Abin da suka riƙe shi ne wai waɗancan Turawan ba su iya kiɗa ba, rigima kawai suka yi ta tayarwa har duniya ta san su, saboda haka su ma ba sai sun wahalar da kansu da bita ba. Ina roƙon masana su warware mana. Da gaske ne ba su iya ba? In kuma rigima ce ta ɗaga su, me ya kashe ƙungiyar da wuri haka? Sannan wanda zai yi irin wannan kiɗa a Legas, da wutarmu da damshinmu, me ya kamata ya tanada?

Malam Na-Obalende:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, labarin da yaran nan suka haddace na manajan ƙungiyar ne, Malcolm McLaren. Shi ya fi kowa cin ribar a ce yaransa ba su iya komai ba, dabararsa ce kaɗai ta kai su inda suka kai. Amma Steve Jones mai jita da Paul Cook mai ganguna da Glen Matlock mai bes duk sun san hannunsu, John Lydon kuma, wanda aka fi sani da Johnny Rotten, yana da alƙalami mai kaifi ko da muryarsa ba ta masu zaƙin murya ba ce.

Sun fara hawa dandamali ranar 6 ga Nuwamba 1975 a makarantar zane ta Saint Martin's da ke Landan, suka yi wasan ƙarshe kafin watsewarsu ranar 14 ga Janairu 1978 a San Francisco. Wata 26 ke nan da 'yan kwanaki. Shekarar farko ita ce ta aiki. Suna da ɗakin bita a titin Denmark, inda Jones ma yake kwana, suna zagaya ƙananan kulob-kulob, kuma kusan duk waƙoƙin da aka san su da su a wannan tsakanin aka rubuta su. Wasan da suka yi a Manchester ranar 4 ga Yuni 1976 bai tara jama'a da yawa ba, amma a cikin 'yan kallon akwai waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyoyin kiɗa na Joy Division da The Smiths da The Fall. A Oktoban 1976 kamfanin EMI ya ɗauke su a kan fam 40,000. Shi ne dai EMI ɗin da yake da situdiyo a nan Apapa a wancan zamani.

Ranar 1 ga Disamba 1976 aka gayyace su wani shirin talabijin na yamma a Landan, mai gabatarwa Bill Grundy ya yi ta zuga su, Jones ya surfa masa ashar kai tsaye. Washegari suna shafin farko na jaridu. Yaran Agege a nan suke tsayar da labarin. Su ƙarasa shi: rangadin da aka shirya a wannan wata, wasanni kusan 20, bakwai ko makamancin haka kawai aka bari suka yi, sauran hukumomin garuruwa da masu zauruka suka soke. Farkon Janairu 1977 EMI ya sallame su. Ranar 10 ga Maris aka yi bikin sa hannu da kamfanin A&M a gaban fadar Buckingham, ranar 16 ga wata shi ma ya kore su, ya lalata mafi yawan faifai 25,000 da ya riga ya buga. Sai a watan Mayu Virgin ya karɓe su.

Duk wannan bai kashe su ba, kuɗi ma ya kawo. A ganina ƙungiyar ta kamu da ciwon ajali ne a Fabrairun 1977, lokacin da Matlock ya fita saboda ba sa ga maciji da Lydon, aka kawo Sid Vicious, abokin Lydon, a madadinsa. An ɗauko Sid ne don siffarsa da tsageranci, ba don yatsunsa ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku duba bayan kundinsu ɗaya tilo, Never Mind the Bollocks, da ya fito ƙarshen Oktoba 1977 ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Waƙoƙi 12 ne, goma daga ciki da sunan Matlock a jerin marubuta. Biyu kacal aka samar bayan tafiyarsa. Ƙungiyar da ta yi wata 11 tana juya tsofaffin waƙoƙi ba ta da abin da za ta saka a kundi na biyu, ko da babu ƙwaya babu faɗa.

Injiniyan Alaba:

Malam Na-Obalende ya yi daidai, kuma kunne ma zai ba da shaida. A saurari kundin da kyau. Ba aikin gaggawa ba ne. A situdiyon Wessex aka ɗauke shi, a hannun Chris Thomas da Bill Price, mutanen da suka san aiki, aka kwashe watanni ana yi. Wannan kaurin jita da kuke ji ba jita ɗaya ba ce, Jones ya yi ta maimaita kiɗa ɗaya ana ɗorawa a kan juna. Bes ɗin ma kusan duka shi ya kaɗa, Sid yana kwance asibiti da ciwon hanta a wani ɓangare na lokacin. Wanda bai iya riƙe lokaci ba ba zai iya wannan ba, domin in hannunka ya kauce ko da ƙiftawar ido ne, ɗauka ta biyu ba za ta hau kan ta farko ba, sai ka ji kiɗan ya dagule.

Ga abin da mai jitarku zai yi. Ya koyi kama tsirkiya biyu ko uku na sama masu kauri, wato tushen sauti da na biyar ɗinsa, yana zame hannun a jikin wuyan jita ba tare da ya sauya siffar yatsu ba. Dukan tsirkiya daga sama zuwa ƙasa zai fi yawa, gefen tafin hannun dama yana ɗan danne tsirkiya kusa da gada, wato maɗaurin tsirkiya a jikin jita, a inda ake son sautin ya tsuke. Ya sa agogon bugu a waya ya fara daga 110 a minti, sai ya iya minti uku cur bai kauce ba sannan ya ƙara biyar. Mafi yawan waƙoƙin Sex Pistols tsakanin 130 da 150 suke. Ba su kai ƙungiyar Ramones ta Amurka gudu ba, waɗancan su ne masu 170 zuwa sama. Yara kan ɗauka punk gudu ne, sai mai ganguna ya tashi da 150 ya ƙare da 175, waƙa ta zube.

Jones da jita ƙirar Gibson Les Paul ya yi aiki, ta cikin amfilifayar Fender Twin Reverb mai lasifika biyu na inci 12. Ba sai an nemi waɗannan ba. Kowace jita da maganaɗisunta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, yake mai tagwayen naɗin waya za ta yi, kuma ita ta fi dacewa da mu domin ba ta ɗaukar gunjin wuta kamar mai naɗi ɗaya. Wurin ɗauka a kafa makirfo irin SM57 kamar yatsa biyu daga ragar lasifika, a ɗan kauce wa tsakiya. A rage murɗin ƙazanta sauti ƙasa da yadda kunne yake so, domin in an ninka ɗauka biyu kaurin zai zo da kansa. A ɗauki jita sau biyu daban-daban, ɗaya a tura hagu ɗaya dama. Kwafe ɗauka ɗaya a kwamfuta a liƙa ba ya ba da faɗi, ƙara kawai yake ƙarawa.

Sai maganar wuta, inda kaya suka fi mutuwa. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifaya 'yar tokumbo a fara juya bayanta a karanta farantin kafin a jona. In an ga 120, sai da taransifomar rage wuta, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a farantin. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, musamman in firji ko fanfon ruwa yana kan layi ɗaya, saboda haka a sa sitabilaiza a tsakani, kuma a kashe amfilifaya kafin a sauya daga NEPA zuwa janareta. Amfilifaya mai kwalba a ciki kada a taɓa kunna ta babu lasifika a jone, taransifomar fitar da sauti ce za ta ƙone, gyaranta kuwa ya kusa kuɗin wata. A bar kwalaben su yi ɗumi kamar minti ɗaya kafin a buɗe sauti, a kuma tabbatar om ɗin lasifika ya dace da abin da aka rubuta a bakin soket.

Wanda ya fi haɗari shi ne rashin wayar ƙasa. Mutane kan karya ƙafa ta uku ta fulogi don gunji ya ɗauke. Kada a yi. Mai waƙa yana riƙe da tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirfo, wuta ta bi ta jikinsa, an rasa makaɗa ta wannan hanya. A jona amfilifaya da mikisa a soket ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske, sannan a sa mita tsakanin tsirkiya da ƙarfen makirfo kafin kowa ya taɓa. In ta nuna fiye da 'yan bolt kaɗan, a tsaya a nemo dalili.

Damshin Legas yana cin tsirkiya cikin makonni. A goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowace bita, a ajiye jita a akwatinta da 'yan ƙunshin nan masu shan damshi. Tsirkiya mai kaurin lamba 10 zuwa 46 ta fi jure dukan punk. Kuma a sayi abin toshe kunne: ƙarar da ta kai dasibel 100, wadda ganguna a ƙaramin ɗaki suke kaiwa cikin sauƙi, minti 15 ne iyakar abin da kunne yake ɗauka a rana ba tare da lahani ba.

Barista Idi-Araba:

Malamai sun yi bayanin kiɗa, bari in taɓa takarda. Kuɗin da kamfanoni suka biya Sex Pistols, har da fam 75,000 da suka tashi da shi daga A&M na zaman mako guda, ba aljihun makaɗan ya shiga kai tsaye ba. Ta kamfanin manaja, Glitterbest, yake bi, su kuma ana ba su ɗan albashin mako. McLaren ya zuba kuɗi mai yawa a shirin fim wanda Lydon bai so ba. Da aka watse, Lydon ya kai ƙara. A 1979 kotu ta karɓe dukiyar ta damƙa wa mai riƙo, ba a kuma kammala ba sai Janairun 1986, lokacin da makaɗan da magadan Sid suka karɓi ikon kayansu da kuɗi kusan fam miliyan ɗaya. Shari'ar ta ninka rayuwar ƙungiyar sau uku.

Saboda haka tun kafin a samu ko sisi, su huɗun su zauna su rubuta yarjejeniya tsakaninsu. Ta faɗi wa ke da sunan ƙungiya in wani ya fita, yadda ake raba kuɗin wasa, wa ya mallaki kayan da aka saya da kuɗin haɗaka, da yadda ake yanke hukunci in an saɓa. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. A 2021 Jones da Cook sun kai Lydon kotu a Landan kan ba da izinin amfani da waƙoƙinsu a wani shirin talabijin, suka yi nasara saboda wata yarjejeniyar 1998 da ta ce rinjaye ake bi. Ku huɗu ne, ƙuri'a na iya yin biyu da biyu, don haka a rubuta wanda zai raba gardama.

Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na rubutu da kari, da kuma na sautin da aka ɗauka. Ranar da aka gama waƙa a cike takardar rabo, sunan kowa da kasonsa cikin ɗari, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto a ajiye. Matlock ya bar ƙungiya tun 1977, amma sunansa yana kan waƙoƙi goma, kuma kason marubuci ba ya bin mutum ya fita. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sayar da haƙƙi ko ba wa wani shi kaɗai izinin amfani sai a rubuce yake tabbata. Haƙƙin rubutu yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, na sautin da aka ɗauka shekara 50. Mai situdiyo ma a rubuta cewa an biya shi ladan aiki, ba shi da kaso a sautin, in dai haka aka shirya.

Rajistar suna a CAC tana ba ku damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, amma ba ta hana wani amfani da sunan a fosta ko riga. Wannan sai rajistar tambarin kasuwanci, aji na 41 don wasanni, na 9 don faifai, na 25 don sutura. Asusun ya zama sai mutum biyu sun sa hannu, kuɗi ya fara shiga wurinku sannan ku biya manaja kasonsa, wanda a al'adar sana'ar 15 zuwa 20 ne cikin ɗari. Kafin-alƙalamin kamfani kuma bashi ne da za a cire daga cinikinku kafin ku ga ko kwabo. Marubutan ciki su yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓo wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu, don kuɗin da ake karɓa daga gidajen rediyo da wuraren taro.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, na tura musu duka. Mai waƙarsu ya ce har yanzu dai ba a musa cewa rigima ce ta sa aka san su ba, kuma ita ce ta kai waƙarsu ta zagin sarauta mataki na biyu duk da BBC ta haramta ta. Me za a ce masa?

Baba Mai Ganga:

Ka ce masa gaskiyarsa ce, amma ya lissafa abin da aka biya. God Save the Queen ta fito ranar 27 ga Mayu 1977, daidai bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado. Ranar 7 ga Yuni suka yi wasa a cikin jirgin ruwa a kogin Thames, 'yan sanda suka tare su a gaɓa, aka kama McLaren da wasu. A cikin watan na Yuni aka sari Lydon a hannu har jijiyoyi suka taɓu, aka kuma ji wa Cook rauni a ka. A watan Agusta sai da suka riƙa ɓoye suna kafin su samu zauren da zai karɓe su a ƙasarsu. Shi kuma mai waƙarku a Legas yake, ya tuna abin da rigima ta jawo a nan. Ranar 18 ga Fabrairu 1977, watan da Matlock ya fita, sojoji kusan 1,000 suka ƙone Kalakuta, gidan mawaƙi Fela Kuti, aka jefo mahaifiyarsa daga bene, ta rasu a shekarar da ta biyo.

Ni a nan na ɗan saɓa da Malam Na-Obalende. Fitar Matlock ta yi illa, amma Jones ya nuna yana iya haɗa kari, ga waƙoƙi biyun nan na ƙarshe shaida. Abin da ya fi cinye su rashin dandamali ne. Ƙungiya da wasa take rayuwa. In ba a wasa ba a bita, in ba a bita ba a haɗuwa, kowa sai ya koma gefe yana jin gulmar ɗan'uwansa daga bakin manaja. Sid kuma ga hodar heroin ta riga ta kama shi, zaman banza ya ƙara masa. Ƙungiyar Africa 70 ta Fela ta yi kaifi ne saboda tana da kulob ɗinta, Shrine, a Idi-Oro, inda ake kiɗa dare da yawa a kowane mako. Ita ma ɗin, da Tony Allen mai ganguna da wasu suka bar ta bayan wasan Berlin na 1978, rigimar kuɗi ce, wadda Barista take magana a kai.

Rangadin Amurka shi ya ƙarasa su. McLaren ya ƙi New York da Los Angeles, ya zaɓi kudu da gangan don a yi arangama: Atlanta, Memphis, San Antonio, Baton Rouge, Dallas, Tulsa, sannan San Francisco. Wasa bakwai cikin kwana goma, a tsakiyar hunturu. A San Antonio ana ta jifansu da gwangwani, Sid ya ɗaga bes ya kai wa wani duka. Kafin a kai ƙarshe Jones da Cook sun koma bin jirgin sama, Lydon da Sid suna cikin bas. A zauren Winterland, gaban mutum kusan 5,000, Lydon ya rufe wasa da tambayar jama'a ko sun taɓa jin an cuce su, ya ajiye makirfo. Kwana huɗu bayan nan ya bayyana cewa an gama. Sid ya mutu ranar 2 ga Fabrairu 1979 yana da shekara 21, ƙwaya ta yi masa yawa, ana tsaka da tuhumarsa da kisan budurwarsa Nancy Spungen.

Yaran nan su nemi wuri ɗaya da zai ba su dare ɗaya a mako ko a wata, ko da mutum 30 ne za su zo. Su shirya waƙa goma, minti 25 zuwa 30, a jere ba dogon surutu a tsakani. Bita sau uku a mako, awa biyu-biyu, a ɗauka da waya a saurara tare. Mai ganguna da mai bes su ƙara rana guda su biyu kawai. In sun kai wata shida a haka sai su fara tunanin Freedom Park, wurin wasanni da ke tsibirin Legas. Kuma ɗakin bita kada ya zama jikin masallaci ko makarantar allo, su daina kafin magariba, domin ƙorafin maƙwabta ɗaya zuwa LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ya isa a garƙame wurin.

Malam Na-Obalende:

Baba, na karɓi maganar dandamali, amma ita ma tana komawa kan mai bes. Da aka zo ɗaukar kundin aka ga Sid ba zai iya ba, Matlock aka koma nema ya zo ya kaɗa a matsayin ɗan haya. Ya ce sai an biya shi tukuna, kuɗi bai zo ba, shi ma bai zo ba, shi ya sa nauyin ya faɗa kan Jones. A situdiyo ana iya rufe wannan ɓaraka, a kan dandamali kuwa mutum ɗaya ba ya kaɗa jita da bes lokaci guda. Ɗan Agege, ka sa mai bes ɗinsu ya kaɗa waƙa guda daga farko har ƙarshe shi da ganguna kawai, babu jita babu murya, a ɗauka a turo mana mu ji.